Ranar da Na Dafa wa Tasha Fulogi

Ni dai har yau ban ga abin da na yi wa mutanen tashar jiragen ruwanmu ba in ban da taimako. Mutum ya bar barcinsa na rana, ya ba da lokacinsa, ya ba da basirar da Allah ya ba shi kyauta, amma in na zo wucewa sai ka ga manyan mutane masu furfura suna danne dariya kamar yara. To, bari in faɗi yadda abin ya faru da bakina, tun da kowa ya faɗi nasa, har da waɗanda ba sa wurin.

Bakanikenmu ne ya tsufa, ɗansa ya zo ya tattara shi ya tafi da shi. Sai ya bar rumfarsa a bakin ruwa. Rumfa ce ta gani ta faɗa. Kwanon rufinta ba ya yoyo, ga benci mai jingina, ga inuwar bishiya ta lulluɓe ta, iskar kogi na kaɗawa tun hantsi har yamma. Duk wanda ya sauko daga jirgi dole ya bi ta gabanta ya gaishe ka. Na daɗe da sanin cewa don mutum irina aka kafa rumfar nan. Shugaban 'yan jirgi ya tara mu ya ce ba zai ba da ita don sanayya ba, sai ga wanda ya nuna a idon jama'a cewa zai iya riƙe injinan tasha.

Wa ya fi ni cancanta? Na yi shekaru ina zaune a kan bencin tsohon nan ina ba shi shawara. Bai taɓa ɗauka ba, shi ya sa bai yi arziki ba. Sunan Injiniya ma ni na sa wa kaina, don na lura in na tsaya jiran mutane su sa mini, hassada ba za ta bar su ba.

Abin da ya fi damun injinan jiragenmu kuwa fulogi ne, wannan ɗan ƙarfen mai farin wuya da ake ɗaurawa a kan inji don ya ba da tartsatsin da ke kunna mai. Mutanenmu suna da hannu sake wajen zuba baƙin mai a cikin fetur, wai don inji ya ji daɗi. Sai bakin fulogi ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya da maiƙo, tartsatsi ya ƙi fita, ka yi ta jan igiya har kafaɗarka ta goce inji bai ko yi tari ba.

Haka na tarar da ƙanin matata, wanda ake ce wa Gajere, yana fama da nasa, gumi har cikin ido. Ni kuwa da safen nan na leƙa rumfar tsoho don in gwada zaman bencin a matsayin mai rumfa, sai na ga wani sabon fulogi fil da ya manta a saman katakon rufi. Na sa shi a aljihu don kada ɓarayi su gani. Da na ga mutane sun taru a kan Gajere, sai na naɗe hannun riga na ce a ba ni wuri.

Na kwance tsohon fulogin da sufana, na ɗaga shi sama kowa ya ga baƙinsa. Na shinshina shi. Na kara shi a kunne. Na girgiza kai irin na likitan da ya ga ciwo ya yi nisa. Sannan na juya baya na ce sirrin aiki ba a yin sa a gaban jama'a, na sa hannu a aljihu na ɗan goga, na juyo da fulogi yana ƙyalli kamar yau aka haife shi. Gajere ya ja igiya sau ɗaya, inji ya ɗauka da ruri. Wani mai jirgi da ake kira Dogo ya riƙe baki. Shugaba da kansa ya taso daga kujerarsa ya zo ya duba, ya ce lallai akwai magana.

Wasu suna cewa wai wannan yaudara ce. Ina yaudara? An ce inji ya tashi, ya tashi.

Nan take na yi shelar cewa tun da gobe ranar kasuwar ƙetare ce, kuma kowane jirgi zai yi lodi, kowa ya kwance fulogansa ya kawo mini, in wanke su gaba ɗaya, da safe tasha ta tashi da sababbin injina. Shugaba ya ce in na yi haka, rumfa tawa ce, ba sai an sake zama ba.

Ai kuwa sai ga fulogi na zubowa. Na shimfiɗa buhu, kowa ya zo ya juye nasa. Dogo ne kaɗai ya tsaya yana jan ƙafa, wai a bari ya ɗaura wa nasa zare don kada su cakuɗe da na wasu.

Na ce, "Dogo, fulogi ne fa, ba 'ya'yan kaji ba. Duk uwarsu ɗaya."

Mai shayin tasha, wanda ba a taɓa yin magana bai tsoma baki ba, ya ce daga bayan teburinsa, "Injiniya, ni ma kofunana duk uwarsu ɗaya, amma na san na wanda ba ya biya."

Aka yi dariya. Na bar shi, don in babba ya tsaya amsa wa mai shayi, girmansa ne ke zubewa. Dogo dai kunya ta kama shi ya juye nasa a cikin tarin.

Sai da na saɓa buhun a kafaɗa na kama hanyar gida sannan na tuna cewa aljihuna fulogi ɗaya ya haifa, kuma ya riga ya haife shi. Amma ban damu ba. Wanki dai ai wanki ne. Abin da ke cire maiƙo a kwano shi zai cire shi a ƙarfe.

Na tarar uwargida ta fita unguwa, na ce Allah ya taimaki mai gaskiya. Na sauko da babbar tukunyarta, wadda ba ta bari ko 'yarta ta taɓa, na cika ta da ruwa, na zazzage garin sabulu, na ƙara ɗan kananzir don ƙarfi, na juye buhun fulogi, na hura wuta. Kafin ka ce me, kumfa ta taso baƙa wuluk tana gangarowa ta gefe, wani irin wari ya cika gida ya tsallaka katanga. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a rijiya. Na ce mata ilimi ne, ba kowane hanci ke jure shi ba.

Ina cikin juyawa da muciya uwargida ta yi sallama. Ta tsaya. Ta dubi tukunya, ta dubi muciya, ta dube ni. Matar nan in za ta yi faɗa ban cika damuwa ba, shirunta ne abin tsoro.

Ta ce, "Baban yara, baƙi za mu yi ne?"

Na ce aikin tasha ne, gobe war haka ita matar mai rumfa ce.

Ta ce, "To a sa gishiri, kada baƙin su ce ban iya girki ba." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Da na tsame su sai na ga ruwa ya shiga kowane lungu nasu, kuma kowa ya san inji ba ya shiri da ruwa. Sai na jera su a kan garwashi don su bushe. Can sai na fara jin ƙas, ƙas, ƙas, farin wuyan nan yana tsagewa ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciya ta sake leƙowa ta ce me ke fashewa. Na ce dattin ne ke fita.

A nan ne basirata ta gano abin da tsohon bakanike ya yi shekaru bai gani ba. A bakin kowane fulogi akwai wani ɗan ƙarfe lanƙwasasshe, tsakaninsa da tsinin tsakiya kuma akwai 'yar tazara kamar kaurin farce. Na ce ashe nan ƙarfin inji ke zurarewa. Ina dalilin da za a ce wuta ta yi tsalle alhali ana iya haɗa mata hanya ta taka a ƙasa? Na ɗauko guduma na shiga rufe tazarar nan, ɗaya bayan ɗaya, kowanne bugu ɗaya. Na ci rabin tarin ke nan guduma ta kuskure ta sauka a kan babban yatsana. Ban yi ihu ba. Abin da unguwa ta ji addu'a ce da ƙarfi. Sauran rabin na bar su yadda suke, na ce sa ci albarkacin 'yan'uwansu.

Da gari ya waye na sa rigata mai aljihu biyu a ƙirji, na soke biro a ɗaya, na ɗaure yatsa da tsumma, na nufi tasha. Bakin ruwa ya cika maƙil. Mata da kwandunan tumatir da na kifi, masu buhunan hatsi, wani da akuya a igiya, wani da katifa a ka. Jirage na jere, kowane inji murfinsa a buɗe yana jirana. Na juye buhu a kan bencin rumfa, na zauna na jingina, na ce kowa ya zo ya ɗauki nasa.

Nan aka fara. Ashe 'ya'yan uwa ɗayan nan wani dogo ne, wani gajere, wani mai kauri, wani siriri. Jiya da suke baƙi ƙirin duk kamarsu ɗaya, yau da suka sha wuta ma kamarsu ɗaya, sai dai in an zo ɗaurawa. Wannan ya ce nasa ya ƙi shiga, wancan ya ce nasa ya shige yana lilo. Mutum biyu suka kama fulogi ɗaya kowa na rantsuwa nasa ne, wai ya san shi da wani tabo. Dogo ya baro jirginsa. Ya zo ya tsaya a kaina kawai yana kallona, ga shi da tsawo, har ya tare mini iska.

Na ce kowa ya kwantar da hankalinsa, inji ne ke zaɓen fuloginsa, a yi ta gwadawa har a dace.

Aka ɗaura, aka shiga jan igiya. Ka taɓa ganin tasha guda tana jan igiya a lokaci ɗaya? Kamar ana koyar da wata rawa. Hannuwa na tashi, kafaɗu na juyawa, ba abin da kake ji sai fuf, fuf, da numfashin mutane. Injin wani ya yi tari sau biyu ya tofar da hayaƙi ya koma barci. Na wani kuma, da yake fulogin ya yi masa tsawo, ya yi wata ƙara a ciki kamar an jefa cokali a turmi, mai shi ya dafe kai ya zauna a ruwa. Wani ya cusa siriri a ramin mai kauri ya cika da tsumma, yana ja fulogin ya yi fitar harsashi ya wuce ta saman kan jama'a ya faɗa cikin tukunyar mai shayi.

Mai shayi ya tsamo shi da cokali ya ɗaga. Ya ce, "Injiniya, wannan bai nuna ba ne ka aiko a ƙarasa?"

Gajere ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yaya, wallahi jiya injina lafiya lau yake, ni na kawo maka fulogin da hannuna. Yanzu ko motsi."

Na ce masa matsalar daga hannunsa ne, bai iya ja ba. Don in nuna wa jama'a cewa aikina ba shi da aibu, na ɗauki fulogi ɗaya daga cikin waɗanda na gyara da guduma, na haɗa shi da wayar injin Gajere, na riƙe shi da yatsu a sama yadda kowa zai ga tartsatsi, na ce Gajere ya ja da ƙarfinsa.

Ya ja.

Tartsatsin bai fito ta bakin fulogi ba. Ta gwiwar hannuna ya bi, ya zaga ta haƙorana, ya sauka ta dugadugai. Mutane sun ce na yi tsalle na faɗa kan kwandon tumatir. Ni abin da na sani shi ne na ja da baya cikin hanzari, kwandon ne ya zo inda nake. Mai tumatir ta kama rigata ta baya tana zayyana mini tarihin kakannina. Na miƙe na ce to ga shi nan, kowa ya shaida akwai wuta.

Rana ta fara zafi, kifi ya fara magana, fasinja suka fara neman Shugaba. Shi kuwa yana cikin babban jirginsa yana ɗaura nasa da kansa. Allah da ikonsa, shi ya dace da biyu daga cikin waɗanda guduma ba ta kai kansu ba, kuma suka zauna daidai. Ya ja igiya. Inji ya yi tari, ya yi kakari, ya kama.

Ban san lokacin da na tsinci kaina a kan jirgin ba. Na ɗaga hannu na ce jama'a su gani da idonsu, wanda ya iya ɗaurawa ga sakamako, sauran kuwa sai a yi musu uzuri. Fasinja suka yi caa suka afka jirgin Shugaba, mai tumatir da abin da ya rage mata, mai akuya, mai katifa, har da Dogo da ya ce zai bi mu ne don ya ga ƙarshen abin. Wuri ya ƙure. Na duba na ga filafilan tuƙi guda biyu a kwance a ƙasan jirgi sun tare wurin zaman mutum, na kwashe su na miƙa wa Gajere a tudu.

Shugaba ya ce, "Injiniya, bar su a ciki."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jirgin da na sa wa hannu ya ɗauki filafili? Ai zagi ne."

Jama'a na ta matsa masa a tafi, sai ya juya kan jirgi.

Tafiyar farko kam ba a magana. Iska na kaɗa rigata, ina tsaye a gaba ina ɗaga wa na tudu hannu. Har na fara tsara inda zan rataye allo mai sunana a rumfa. Muna kaiwa tsakiyar kogi, inda ruwa ya fi gudu, inji ya yi zafi, feshin ruwa ya sami tsagar nan ta farin wuya. Sai ya fara tsallake numfashi. Ya yi fat, ya yi shiru, ya yi fat fat, ya yi shiru mai tsawo. Daga nan ba abin da ake ji sai kukan akuya.

Shugaba ya ja igiya har hularsa ta faɗa ruwa. Dogo ya karɓa ya ja. Na ce a ba inji lokaci, hutawa yake yi, sabon wanki ne bai saba ba. Ruwa kuwa bai ba mu lokaci ba. Ya juya jirgi a hankali ya sa mu gaba, ya biyo da mu ta gaban tasha, a gicciye, yadda duk wanda ke tudu zai more kallo. Ga Gajere can tsaye rungume da filafilai biyu kamar an ba shi riƙon tagwaye.

Shugaba ya ce kowa ya tuƙa da abin da ke hannunsa. Mai kifi ta juye kifinta a cinyar maƙwabcinta ta shiga tuƙi da faranti. Wani ya cire takalmi. Mai katifa ya ɗaga katifarsa wai iska ta tura mu, iskar ta tura shi shi kaɗai, sai da aka kamo shi ta ƙafa. Da yake kowa gefen da ya ga dama yake tuƙawa, sai jirgi ya kama juyi a wuri ɗaya. In mun juyo mu ga tasha, in mun juya mu ga daji. Ni na ɗauki nauyin ba da umarni, tun da dole a sami mai tunani a cikin jirgi, amma mai tumatir ta miƙo mini murfin kwando ta ce in ban tuƙa ba da ni za a tuƙa.

Muna cikin haka sai ga wani ɗan kwalekwale ya fito daga cikin ciyawar gaɓa. Wani tsohon masassaƙi ne da ke zaune can ƙasan tasha, wanda tun da injina suka zo ba wanda ya sake tuna ko yana raye. Ya ji hayaniya ya leƙo. Cikin kwalekwalensa kuwa filafilai ne jibge, waɗanda ya sassaƙa shekara da shekaru ba mai saye. Bai tambayi abin da ya faru ba. Ya dubi inji, ya dube mu, ya fara miƙo su ɗaya ɗaya.

Haka muka dawo tasha, manya da ƙanana kowa na tuƙi, Shugaba ba hula, ni da murfin kwando don filafilai sun ƙare kafin a zo kaina. Kafin mu taɓa tudu sauran masu jirage sun yi layi a cikin ruwa har gwiwa suna roƙon tsoho ya koma ya kwaso ragowar, don kasuwa ba ta jira. Ranar dai da hannu aka ƙetare da kowa, aka isa ana kwashe rumfuna.

Amma tun kafin a kama hanyar kasuwar, Shugaba ya hau tudu yana ɗigar ruwa, ya tsaya a gaban rumfar bakanike, jama'a suka kewaye. Na gyara biro a aljihu na matso, don duk abin da ya faru, ba wanda zai ce injin Shugaba bai tashi ba.

Ya ce, "Na yi alkawarin rumfa ga wanda ya riƙe tasha a idon jama'a. Baba, kawo kayan sassaƙarka."

Na ce, ranka ya daɗe, a duba dai, wa ya samar wa tsohon nan kasuwa? Jiya war haka ko gaisuwa ba ya samu. Mutum ɗaya ne ya tashi sana'ar da ta mutu a cikin safiya ɗaya, kuma ga shi tsaye.

Tsohon ya riga ya zauna a kan bencin, ya jingina, ya miƙe ƙafa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce gaskiya ne, shi ba butulu ba ne. Duk ranar da na sake niyyar gyaran inji, in taimaka in sanar da shi tun ana jibi, don ya sayo itace.